Gaisuwar Kawu Alhassan

Wata uku ke nan da Muttaka ya karɓi odar ƙananan motocin wasa, irin waɗanda manya ke jerawa a kabad, amma kaya shiru. Ya ce jirgin ruwa ne, ya ce kwastan ne. Da ƙarya ta ƙare masa, sai ya rubuta a gurup ɗin kwastomominsa: "Ku yi haƙuri, kawuna Alhassan ya rasu."

Masu zagi suka koma addu'a. Wani mai laƙabin Tsohon Direba ya rubuta: "Jama'a, gaisuwar waya ba gaisuwa ba ce. Mu je gida."

Washegari Muttaka na shan koko a ƙofar gidansu a unguwar Barkin Sale, sai ga keke napep biyu cike da kwastomomi. Kafin ya sami hanyar gudu, Kawu ya fito da babbar riga, har da turare.

"Baba, mun zo gaisuwar Kawu Alhassan," in ji wata mata.

"Sannunku da zuwa, ni ne marigayin," in ji Kawu. "Ni ne kuma Tsohon Direba. Muttaka, kafin a kai ni makwanci, ina jar motata?"