Marainiyar Kalanda

Da almakashi Habila ya yanke hannun daga gefen hoton. Hannun mace ne, da awarwaro ɗaya, yana riƙe da bakin rigar yarinyar. Hoton marainiya ba ya son hannun kowa a ciki, haka ya gaya wa kansa, ya jefa guntun cikin aljihun tebur.

Wata uku ke nan da zuwansa Sakkwato daga Pankshin, yana jami'in yaɗa labarai na Gidauniyar Alhaji Aƙilu, dillalin shanun da kwangila ta mayar attajiri. Shekarar 1974 ce. Yunwa ta koro mutanen ƙauye cikin birni, arzikin mai kuma ya cika aljihun 'yan kwangila. Aikin Habila shi ne ya haɗa waɗannan da waɗancan, kuma tun da wuri ya gano ba abin da ke buɗe aljihu irin fuskar yaro guda.

Fuskar Rabi ya zaɓa. 'Yar shekara huɗu ce, ga manyan idanu ga wushirya, kanta kullum da sabon kitso. Motar 'yan gudun yunwa ce ta sauke ta a gidan yara na gidauniyar da ke Ƙofar Kware, kuma a rajista gurbin sunan iyayenta babu komai. Mutum ɗaya ya tambaya, Kaltume mai dafa abinci, wadda mota ɗaya ta kawo su. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ɗiyar mutane ta." Bai ƙara tambayar kowa ba, don yawan tambaya yana ɓata labari mai kyau.

Kalandar ta fito da rubutu a ƙarƙashin hoton: Rabi ba ta da kowa sai ku. Kafin wata ya ƙare an rataye ta a ofisoshin gwamnati, da shagunan tela, har da barikin soja. Buhunan madara suka riƙa sauka a ƙofar gidan. Alhaji Aƙilu ya dafa kafaɗar Habila a gaban mutane, shi kuwa kansa ya yi girma.

Daga nan ya fara sa wa Kaltume ido. Mace ce mai faram-faram, kowane yaro ta san sunansa har da na tsokana, ta goya wannan ta yi wa wancan rawa. Amma ban da Rabi. Ita sai dai "ke" ko "waccan". In da mutane a wurin ko kallonta ba ta yi. Wajen rabon abinci ma sai kowa ya samu, sannan ta kankaro mata na gindin tukunya.

Abin ya ci wa Habila rai, ga shi matar wani babban soja na shirin kawo ziyara don ta ga marainiyar kalanda da idonta. Ya zauna ya buga rahoto shafi biyu a kan Kaltume a keken rubutu, kuma dama shi gwani ne wajen sa magana ta yi zafi. Washegari aka sallami Kaltume.

Ba ta yi musu ba. Ta ɗaure 'yan tsummokaranta, ta tsaya wajen Sista Martha, nas ɗin gidan, ta ce a riƙa tunawa da maganin waccan da safe. Da ta ɗaga ƙunshin, awarwaronta ɗaya ya zame zuwa gwiwar hannu. Habila ya ce a ransa, yau kuma aka san da ita.

Ran nan Rabi ta daina cin abinci.

Sabuwar mai dafuwa tana fara zuba mata kafin kowa, daga saman tukunya inda miya ta fi tsinkewa, tana kiran sunanta da lallami. Yarinyar sai ta juya fuska bango. Kitsonta ya warware, ba wanda ya san wa ke yi mata shi a da. A rana ta huɗu Sista Martha ta tare Habila a baranda.

"In ta kai Juma'a haka, sai asibiti, kuma ban yi maka alkawarin za ta dawo ba," in ji ta. "Ka kori wadda take ci a hannunta, ka zo ka ba ta takardarka ta ci."

Kunya ta rufe shi. Duk ofishin da ya shiga idanun Rabi na bango suna kallonsa, da kalmomin da shi ya ƙirƙira a ƙasansu. Ya raba Kaltume baiwar Allah da hanyar abincinta don ya gyara labari, yanzu ga ran yarinya yana neman salwanta a kansa.

Da hantsi ya hau babur ya bi kwatance har Ƙofar Dundaye, gidan wani tsohon mahauci, Maccido, wanda ya ba Kaltume wurin kwana. A zaure ya same shi yana wasa wuƙa. Daga cikin gida ana daka, da aka ji sallamar Habila sai taɓaryar ta tsaya.

Ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi. A taimaka ta koma, shi zai je ya janye rahoton da bakinsa. Sai dai ɗan guntun girman kan da ya rage masa bai bar shi ya yi shiru ba.

"Amma Baba, ni ma abin da na gani na rubuta. Yara talatin tana kiran sunan kowa, wannan kaɗai ko sau ɗaya ban ji ta ce Rabi ba."

Tsohon ya ajiye wuƙar, ya dube shi.

"Malam Habila," ya ce, "ku can garinku, uwa na kiran sunan ɗiyatta ta hwari?"