Ƙamshin Ruwan Farko

Ɗigon farko ya faɗo masa a goshi daidai lokacin da ya miƙa hannu zai sallama wa dattijon maƙwabcinsu gonar gado.

Shekaru ya yi a kurmi yana aikin koko. Tun da ya dawo ƙauyensu Kaikai bai bar kunnen kowa ya huta ba: can ruwa ba ya yankewa, rani suna ne kawai, itatuwa sun rufe rana, shanya kan yi fumfuna kafin ta bushe. Wa zai zauna jiran hadari? Sayarwa zai yi ya koma.

Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Daga gari ana jiyo ihun yara. Ƙasa ta saki ƙamshi.

Ya tsaya cak. Ya durƙusa, ya dumbuzi jiƙaƙƙen rairayi ya kai hanci. Duk ruwan kurmi bai taɓa ba shi wannan ba, don ƙasar can ba ta san ƙishirwa ba.

"Ɗana, mi muka tsaida?" in ji dattijon.

Ya miƙe yana dariya, ruwa na bin gemunsa. "Baba, na fasa! Ara mani sungumi!"