Kalma Biyar a Tashar Jirgin Ruwa

A nan tsibiran Orkney, ranar ashirin da tara ga Fabrairu mace ke neman auren namiji. Ciwon jijiya na MS ya nauyaya min harshe, don haka na yi mako shida ina bitar kalma biyar, sau talatin kullum.

Na tare saurayina Erlend a tashar jirgin ruwa, zobe a tafina.

"Erlend, za... ka..."

Harshen ya maƙale. Daƙiƙa uku kacal ya jira, ya saci kallon agogo.

"Aure ni? Na yarda mana, sarkin lissafi. Huta abinki."

Sau goma sha ɗaya ina roƙonsa ya daina ƙarasa min magana. Na mayar da zoben aljihu.

"Na fasa."

Waɗannan kalmomi biyun kam, ni na ƙarasa su da kaina.