Hannun Sallau

Shekara ashirin ke nan babu motar da ke fita gari sai ta tambayi hukuma, kuma mutane sun saba har suna cewa hakan ya fi kwanciyar hankali. Ladidi ta nemi izinin zuwa ƙauye, inda mahaifiyarta ke kwance rai a hannun Allah, aka ce ta jira sati biyu. Shi ya sa kawunta Sallau mai wayarin mota, wanda ya shekara ashirin yana ɗaura wa motoci shuɗiyar wayar hukuma, ya yi kwana uku durƙushe gaban katako mai ƙusoshi, yana saƙa wa wata tsohuwar motar tsere sababbin wayoyi da ba ruwansu da hukuma.

Da hantsi ya gama, bayansa kamar zai ɓalle. "Murɗa makulli, 'yar nan."

Injin ya yi gurnani. Sai wata murya mai ladabi daga cikin motar ta ce, "Sannu, Ladidi. Ba ki da izini. An sanar da hukuma."

Sallau ya farke naɗin wayoyin. Ga shuɗiyar wayar hukuma nan a tsakiya, an ɗaure ta tsaf da irin ɗaurinsa.

"Kawu, wa ya sa ka?"

"Ba kowa," ya ce, ya zauna a ƙasa. "Hannun ne ya saba."