Irin Kuɓewar Marigayiya

An yi wani tsoho da matarsa ta rasu ta bar masa irin kuɓewa, ja, mai yauƙin da in ka ɗaga loma a zaure sai ya raka ka har bakin masallaci. Cikin kayan aurenta ta zo da shi, duk garin babu mai irinsa. A gora take ajiye shi, ta gauraya da toka, ta toshe baki da tsumma. Bayan ranta tsoho bai fasa shukawa a bayan gida ba, don in miyar ta hau wuta sai gidan ya yi kamar unguwa ta tafi.

Ran nan a kasuwa aka zuba masa cefane a wata farar leda mai santsi. Mai shago ya ce, "Baba, wannan sabon yayi ce, da garin rogo ake yin ta. Ruɓewa take yi, kada ka yi ajiya a ciki." Tsoho ya yi dariya har hula ta karkace. "Yaro, ni za ka koya wa leda? Akwai wata baƙa a gonata, jakunana uku ta binne, har gobe tana nan." Yana isa gida ya juye irin a ciki don ya riƙa ganinsa, ya rataye a ƙarƙashin kwanon rufi, goran kuwa ya cusa shi ƙasan rumbu.

Damina ta zo, ciwon gwiwa ya hana shi shuka. Leda ta sha danshi, ta sha zafin kwano, a ido tana nan lafiya lau. Da ruwan shuka ya sake sauka ya miƙa hannu, yana taɓa ta ta ruguje kamar ɓawon albasa, iri ya watse a tsakar gida. Kajin nan kuwa sai ka ce da su aka yi shawara. Kafin gwiwa ta yarda ya sunkuya sun share fes.

Can ya rarrafa ƙasan rumbu ya jawo goran, ya girgiza. Sai ya ji ƙaras-ƙaras: 'yan ƙwayoyi ne suka maƙale a gindi, cikin tokar da hannun marigayiya ya zuba. Su ya shuka.

Ai shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.