Kiyashi a Ƙoƙon Nono

Ke da kika zo da kukan ɗanki ya ƙi mama, gyara zama ki ji wannan.

A wani gari na bakin fadama an yi wata maginiyar tukwane mai goyon fari, namiji, ɗan wata shida. Yaro ne mai tsotso kamar ɗan maraƙi, sai rana ɗaya ya juya. In ta ba shi mama ya ja sau biyu, sai ya datse ta da dasashi, ya saki, ya ɓarke da ihu. Yawu na dalala har ya jiƙe masa wuya, abin da hannunsa ya kai kuwa sai baki. Da aka kwana uku a haka, uwar mijinta ta aika aka kira tsohuwar ungozomar unguwa. Aka sa maginiya ta tatsa nononta a ƙoƙo, ungozoma ta kamo kiyashi ta jefa. A al'adarsu, in ya fito nono lafiya lau, in ya mutu nono ya ɓaci. Kiyashi ya yi wutsil-wutsil, ya daina motsi. Nan take aka yanke magana: gobe za a shafa mata maɗaci a mama, kaka ta ɗauke yaro ta yaye shi da kunu. Ita kuwa maginiya ba ta manta da ɗan maƙwabciyarta ba, wanda aka yi wa haka bara, ya rame har ya rasu kafin lokacin girbi.

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗebo ruwa a randar uwar mijin, wadda duk gidan ke sha, ta jefa kiyashi. Ya daina motsi. Ta tatso akuyar da za a dama kunun yaye da madararta, ta jefa wani. Shi ma haka. Sai ta jera ƙoƙuna ukun a gaban tsofaffin, ta durƙusa ta ce, "Inna, in nonona guba ne, randarki ma guba ce. A fara fasa ta, sannan a ɗauki ɗana." Ungozoma ta kakkaɓe zaninta ta fita tana cewa 'yan yanzu ido ya bushe. Ba a ɗauke yaron ba, amma matan unguwa suka daina amsa mata sannu da aiki, uwar miji ta ɗauke mata kai. Ta bar su. Yatsar da ke gane tsakuwa a cikin yumɓu ta riga ta ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin dasashin nan. Kullum sai ta wanke hannu ta murza masa a hankali, ta jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ta ba shi ya tauna. In barci ya fara ɗibarsa ta lallaɓa ta sa masa mama. In ya ƙi, ta tatsa ta ba shi da cokali. Mamanta ya kumbura, kan ya tsage, in yaron ya kama sai ta cije leɓe, amma ba ta fasa ba.

A rana ta tara tana kwaɓa yumɓu, yaro ya tashi da kuka. Uwar mijin ta kasa daurewa, ta ɗauki cokalin da nonon da aka tatsa ta kai bakinsa, sai ta ji ƙas! Ta buɗe bakin, ga haƙori fari tas kamar ƙwayar shinkafa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙa wa uwarsa shi, ya kama mama ya sha har ya yi gyatsa. Tsohuwa ta shiga madafa ta dama wa surukarta kunun kanwa, ta ajiye a gefen yumɓun.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.