Gafiyoyin Rumbun Delmer

Wa ya aike ki ki tambaye ni wannan? Kin ga ƙonannun duwatsu a bayan tudu, maimakon ki wuce abinki, sai ki sa ni gaba ina ɓarar wake. To ku zauna. Wanda ya katse ni, cokalin nan zai sauka a ƙeyarsa.

Rumbun shanya taba ne na Delmer Tackett, kuma gafiya ce ta ci shi. Tamu ta nan Kentucky nake nufi, mai gajerun ƙafafu, mai miƙewa tsaye ta yi fito, ta kwashe lokacin sanyi tana barci a rami.

Delmer hannunsa ya fi bakinsa sauri. Matarsa Versie ta sha duka har aka wayi gari babu ita. Ya ce wani mai tallar tukwane ta bi zuwa Detroit. Uwarta, tsohuwa Zelpha, ta je wurin ’yan sandan gunduma, suka ce mace mai ƙafa ai tafiya take yi. Ta dawo gida, ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Ta ci gaba da sana’arta ta kama gafiya a gonakin mutane. Ba ta harbi, ba ta ɗana tarkon ƙarfe. Akwatin katako take ajiyewa da ɓawon kankana a ciki, in ya kama ta juye a buhu, ta saɓa ta nufi wajen rafi. Kowa ya san abin da ake yi wa gafiya a rafi: nutsar da ita ake yi.

Da ciyawa ta tsiro, rami ya bayyana a gindin rumbun Delmer, dab da ginshiƙin kusurwa. In ginshiƙin nan ya nutse, rumbu ya tafi, da shi da noman shekara.

Gafiya ta farko, fito Delmer ya yi mata. Ta miƙe tana dube-dube, ya fasa mata kai da harsashi, ya rataye ta a wayar shinge har ta ruɓe. Kafin ƙudaje su gama da ita, wata ta tare a ramin.

Ya ɗana tarkon ƙarfe. Wadda ta faɗa ciki ta gutsure ƙafarta da haƙori tana jan ciki, ya ƙarasa ta da shebur. Ya tura karensa cikin ramin, kare ya fito hanci a tsage yana kuka, ya harbe shi nan take, wai matsoraci ba ya cin abincinsa. Ya zura waya mai ƙaya yana murɗawa, ya jawo wata da hanjinta a waje, ita kuma kafin ta mutu ta tauna masa babban yatsa har ƙashi.

Shinge ya cika da gawa, wari har bakin hanya. Ba su daina zuwa ba.

A kantin ƙauye aka mai da shi abin dariya. Wani ya tambaye shi ko haya yake karɓa daga wurinsu. Maƙwabcinsa Hershel, don tausayi, ya ce bari su taru da shebur su tone ramin har ƙarshensa, su cike da siminti. Delmer ya fasa masa hanci da kai, ya ce duk wanda ya sa shebur a ƙasarsa zai koma gida a kwance.

Zelpha tana zaune a barandar kantin, da buhunta a cinya.

“Surukina, in kama maka su mana. Ba zan karɓi komai ba.”

“Ki taka gonata in karya miki gwiwa, tsohuwar banza.”

Ta ce to, Allah ya ba da sa’a, sai dai gafiya in ta sami ƙasa mai laushi da wuya ta bar ta.

Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. Da kaka ta yi, ginshiƙi ya karkace, taba kuma ta bushe ƙayau a rataye har rufi. Da rana tsaka Delmer ya toshe duk ƙofofin ramin da ya sani, ya tuttula fetur a babbar, ya jefa ashana.

Akwai ƙofar da bai sani ba, a cikin rumbun. Ta nan wata ta fito, wuta na ci a bayanta, tana ihu kamar jariri, ta shige ƙarƙashin ganye.

Da maƙwabta suka iso da bokitai, sun tarar da shi tsaye a gaban wutar, fatar hannuwansa ta saɓule tana lilo, yana korar su. Rumbunsa na ci, shi kuma yana cewa kowa ya koma gida.

Ginshiƙin ya faɗi. Ƙasar kusurwar, da gafiyoyi suka rarake ta ciki, ta rufta. Hershel ne ya fara leƙawa. Ya ga haƙarƙari, ya ga takalmin mace, ya ga kitso da sauran gashi a jiki.

Delmer ya kai masa sara da shebur. Maza suka rufar wa Delmer da bokitai da itace har ya daina motsi, sannan suka ɗaure shi suka kira hukuma. A kurkuku ya mutu. Zelpha kuwa ta sauka cikin ramin, toka na ƙona mata ƙafa, ta tsince ’yarta a gefen zane, ba hawaye ko ɗigo.

Ranar jana’iza fasto ya ce Allah ne ya aiko dabbobin nan. Ni ban musa ba.

Yanzu ku tashi ku wanke ƙafa ku kwanta, kada in ji tari. In ma Allah ne ya aiko su, to a kafaɗar Zelpha suka zo, don tun ranar da ta dawo daga wurin ’yan sanda ba ta ƙara kai ko guda rafi ba: ta bayan tudu take zagawa, ta kwance bakin buhun a gindin rumbun surukinta.